Kafso Ja da Rawaya

"Boatemaa! Kin haukace ne?!"

Ko kallon saurayina Ofori ban yi ba, na wurga gwangwanin ta taga. Kafso ja da rawaya suka watse a tsakar gidan kwanan ɗalibai.

Allah sarki, Kumasi ta wancan zamani! Kowane ɗaki a jami'armu da gwangwaninsa. Wanda ya ji sauƙi sai ya daina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya zuba ragowar a ciki don na baya. Mura, gudawa, maruru, duk da su muke yi.

Ofori ƙusa ya taka a filin ƙwallo. Dufie, 'yar ƙawar mamarsa da aka daɗe ana yi masa sha'awarta, kullum tana tafe da dokunu, tuwon masarar nan tamu, da soyayyen kifi. Ta fasa kafso ta barbaɗa a ciwon, ta ba shi biyu ya haɗiye, tana wani karairaya.

"Kai fa harhaɗa magunguna kake karanta!" na ce, hawaye na zuba. "Da bakinka ka koya min ƙwayar cuta sabawa take da rabin magani!"

"Wannan ai na jarrabawa ne, zuciyata…"

"To ƙafar taka ma ta jarrabawa ce?"

Dufie ta taɓe baki. "Kishi dai, Ofori. Gara ka rasa magani da ta ga hannuna a ƙafarka."

Kafin yamma ta kai wa Maame, mahaifiyar Ofori, labari, wai na zubar da maganin ɗanta. Maame ta rantse ba zan taka gidanta ba. Shi ma ya daina ɗaga wayata.

Wallahi na sha kuka!

Ran nan na hango shi zube a bakin ɗakin karatu, jiki zau, ƙafa ta kumbura suntum. Ban tambaye shi ba, na tsayar da tasi.

Likita ya girgiza kai. "Magungunan da muka saba bayarwa ba sa kama ta. In na ƙarshen nan bai yi ba, sai dai a yanke ƙafar."

Dufie ta leƙo sau ɗaya. Da ta ji warin ciwon, ba ta sake dawowa ba.

Ni na zauna, ina tashinsa shan magani a kan lokaci.

"Na ji sauƙi fa, masoyiyata…"

"Haɗiye!"

Maame da ke gefe ta kama hannuna. "Ki yafe min, 'yata. Ɗura masa!"

Ƙafa ta tsira, amma yatsu biyu sun tafi, ƙwallo ma ta tafi. Ranar aurenmu da ɗingishinsa ya yi rawa, yana raɗa min wai ni na hana shi zama gwanin ƙasa.

Yau yaranmu sun girma. Cikin dubun mutane a kasuwar Kejetia, tun daga nesa nake gane tafiyar mijina, kuma har yanzu sai gabana ya faɗi.