Mai Zaɓa wa Baba Littafi

Auta na karanta wa Baba littafi a tsakar gida, kamar yadda ta saba tun da idonsa ya yi rauni, sai ga Gwaggo ta faɗo ko sallamar kirki babu.

Maganar Mai Fanka ce ta kawo ta, saurayin da Auta ta haɗu da shi a laburare. Gyaran fanka yake yi a bakin titi, in ya rufe shago sai karatu. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa ganin saurayi ya zo zance ko 'yar leda babu, sai tsohon littafin aro mai hatimi a goshi ba. Wanda komai nasa aro ne, da me zai riƙe mace? Ta yi ta zuga har Baba ya ce a bar maganar yaron nan, kada a ƙara karɓar komai daga hannunsa.

Auta ta sha kuka, don tana sonsa har cikin ranta. Amma da ta share hawaye sai hankalinta ya kwanta, domin ta san abin da Baba bai sani ba. Duk littafin da ya taɓa jin daɗinsa, Mai Fanka ne ya zaɓo. Yakan tambaye ta inda Baba ya yi dariya da inda gyangyaɗi ya sace shi, sannan ya shiga laburare ya lalubo na gaba. Ta mayar wa Mai Fanka da littafin da ita da Baba suke tsakiyarsa, tunda da katinsa aka aro. Ya ce ta yi wa Baba biyayya kawai.

Daga nan ita ke zaɓa, kuma tsakani da Allah take yi. Sai dai Auta in ba soyayya a littafi, ba ta ganinsa da gashi. Kafin ta juya shafi Baba ya fara minshari.

Ran nan ya gaji. "Wai ina labarin matuƙin jirgin nan da muka bari a tsakiyar ruwa?"

"Na mayar wa mai shi, Baba. Kai ka ce kada a karɓi komai daga hannunsa."

Ta faɗa masa komai, ba ragi ba ƙari. Baba ya sa aka kira yaron. Mai Fanka ya zo ya durƙusa, littafin na hannunsa, da alamar da Auta ta sa har yanzu a inda suka tsaya. Sabunta aron ya yi ta yi, ko Baba zai nema.

"Matuƙin nan ya tsira?" in ji Baba.

"A gafarce ni, Baba, ba na faɗin ƙarshen labari. In ka yarda dai in karanta maka."

Gwaggo ta taɓe baki, Baba kuwa dariya ya yi har da tari.

"To ni ina faɗa. Ga ƙarshen naka: ka turo manyanka."

Auta ta ruga ɗaki tana rufe fuska don murna da kunya.

'Yan mata, ku lura: Auta ba ta yi wa mahaifinta musu ba, haƙuri ta yi har gaskiya ta fito da kanta. Iyaye kuma a daina auna saurayi da nauyin ledarsa. Wanda ya kula da inda tsohonku ke dariya, zai kula da inda 'yarku ke kuka.