Kaset Ɗin da Akuya Ta Yi wa Amshi

Wa ya aike ku cikin akwatina? Khairat, ajiye kaset ɗin nan kafin ki fasa shi. Kai kuma Nasrullahi, rufe bakinka. Hutu kuka zo ko bincike? Ko kwanon da kuka ci tuwo ba ku wanke ba, sai tambaya: "Kaka, mene ne a ciki?" Waƙa ce a ciki. Kun ji? Ba za ku bar ni ba ke nan? To ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

A gidan nan na Sabon Layi aka yi wata yarinya. 'Yata ce, amma ba zan faɗi sunanta ba. 'Ya'ya mata uku na haifa, ku yi ta canka.

A lokacin babu wayar hannu a Mubi. Kakanku, Allah ya jiƙansa, ya bi shanu zuwa Fatakwal, ya yi wata tara bai dawo ba. Ni ban iya rubutu ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Bakina ya ishe ni. Idan ina da saƙo, sai in faɗa a kaset, in bai wa Alhassan direban motar shanu ya kai.

Ranar da nake ba ku labari, Alhassan zai tashi bayan la'asar. Na aro rakoda a wurin maƙwabciyarmu Margret. Kaset ɗaya muke da shi, da batir huɗu.

Margret ta ce, "Maman yara, batir ɗin ba sabo ba ne fa. A bi shi a hankali."

Da safe na zauna na faɗi saƙona. Na gaishe shi. Na ce masa ɗakinmu yana yoyo, ya aiko da kwanon rufi kafin damina ta yi ƙarfi. Ban maimaita ko kalma ɗaya ba.

Sai yarinyar nan ta matso. Ta ce, "Inna, ni ma zan yi wa Baba waƙa. Ni na tsara ta da kaina."

Gaskiya tana da murya. Kullum in tana daka, waƙa take yi, har masu wucewa su rage tafiya. Na ce, "Yi. Amma sau ɗaya."

Daga nan ta zama gwamna a gidana. Ta kife zakara da kwando. Ta ɗaure akuya a bayan ɗaki. Ta kori ƙannenta waje. Ni ma ta ce, "Inna, don Allah ki daina tari."

Na ce, "Tarin nawa ma sai da izininki?"

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Har kwalli ta sa. Kwalli! Don rakoda, abin da ba shi da ido.

Na tsaya a bakin taga ina ji. Ta danna jan maɓalli. Kaset yana juyawa, ita kuma tana kallonsa kamar ta ga maciji. Da ta buɗe baki, sai muryar ta fito siririya tana rawa.

"Baba ka da... ka da..."

Ƙat! Ta tsayar. Ta mai da kaset baya, ta sake. A karo na biyu ta manta baiti. A na uku atishawa ta zo mata. A na huɗu ta kusa kai ƙarshe, sai zakara ya yi cara daga cikin kwandon.

Na ce ta taga, "Ke! In za ki mai da kaset baya, ki cire shi ki juya da biro. Rakoda tana shan batir."

Ta ce, "To, Inna." Amma ba ta ji ba. Tsoro ya toshe mata kunne.

Har azahar ana abu ɗaya. Ƙat, ta goge. Ƙat, ta sake. Can sai ƙofa ta buɗe. Ta fito, kwalli ya gangaro mata har haɓa.

Ta ce, "Inna, na yi ɓarna."

"Wace iri?"

"Na mai da shi baya da yawa. Na hau kan saƙonki. Ya goge duka."

"Duka? Har maganar yoyo?"

"Har ita. Kuma batir ya mutu."

Na kunna na ji. Abin da ya rage a kaset ɗin shi ne numfashinta da atishawa ɗaya. Daga nan rakodar ta yi gurnani kamar tsohon sa, ta tsaya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Amma ta faɗi gaskiya da bakinta, ba ta ɗora wa zakara ba. Kuma faɗa ba zai cika batir ba. Na kwashe batir huɗun na shanya su a rana a kan murfin tukunya. In sun sha zafi, sukan ɗan farfaɗo.

Ta ce, "Inna, na fasa. Ban iya ba. Da na ga jan maɓallin nan sai waƙar ta gudu."

Na ce, "In kina daka, waƙar tana gudu?"

"A'a."

"To ɗauko turmi."

Na zuba mata dawa, na miƙa mata taɓarya. Na juya kaset ɗin da biro. Na buɗe zakara, na kwance akuya, na kira ƙannenta. Ana cikin haka muka ji hon ɗin Alhassan a bakin titi.

Ya leƙo ya ce, "Inna, shanu suna cikin mota, ba sa jira!"

Na ce, "Su koya."

Na mayar da batir, na danna jan maɓalli a ɓoye, na ajiye rakoda a bayan yarinyar inda ba za ta gan ta ba. Na ce, "Daka. In kika yi kuskure, ki wuce. In kika tsaya, da ni za ki gamu."

Ta fara. Tim, tim, tim. Sai waƙar ta biyo taɓarya da kanta:

"Baba ka dawo, tuwo ya nuna,
Tabarmarka tana nan, ba wanda ya zauna."

Akuya ta ce, "Meee!" daidai wurin amshi. Yarinya ta tuntsire da dariya, ta tsallake baiti guda. Ta waiwayo ta dube ni. Na zare mata ido. Ta ci gaba har ƙarshe, ƙannenta suna tafi.

Na ga kaset ya fara ja da ƙyar. Na durƙusa na kwarma ihu a bakin rakodar: "Malam, ɗaki yana yoyo!" Sai rakodar ta mutu. Ko saurara ba mu yi ba. Haka Alhassan ya tafi da shi.

Mako uku yarinyar nan ba ta da sukuni. Kullum sai ta ce, "Baba zai yi mini dariya."

Da Alhassan ya dawo, ya sauke kwanon rufi a ƙofar gida, ya ba mu wani kaset. Muka kunna, sai ga muryar kakanku.

Ya ce, "Na ji waƙa. Na yi dariya har na yi hawaye. Na ji turmin gidana, na ji zakarana, na ji 'yata. Kullum sai na saurara kafin in fita. Akuyar nan kuwa kada a sayar da ita, ta iya amshi. Amma wane tsuntsu ne ya yi maganar yoyo a ƙarshe?"

Ashe raunin batir ya sa muryata ta fito da sauri, tsiriri kamar ta ɗan tsako. Nasrullahi, in ka ƙara dariya za ka kwana a tsaye.

Da kakanku ya dawo, da kaset ɗin ya dawo a aljihun gaba. Shekarar da rikici ya sa muka gudu daga Mubi, na bar kwanukana masu kyau, na ɗauki wannan. Kada ku tambaye ni dalili. Ba shi da nauyi, shi ke nan.

Ga abin da za ku riƙe. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya. In tsoro ya kama ku, kada ku tsaya, ku ci gaba har ƙarshe. Wanda yake son ku ba kuskurenku yake saurara ba, muryarku yake son ji.

Wa ya yar da ludayi a madafa? Au, uwarku ce? To, ni dai ban kama suna ba.

Ku wanke kwanonku, ku yi addu'a, ku wuce ku kwanta. Yanzu!