Gadajen Gwaza Ashirin

Ranar da Leitu ta fara ganin Uelese, yana durƙushe a gonar mahaifinta a tsibirin Savai'i, yana kakkafa turaku. Malamin gona ne daga birnin Apia, ya zo gwada ko jiƙon ciyawar teku na ƙara wa gwaza girma.

Ta ajiye masa ɗanyar kwakwa, ta ce, "Gonar kake aunawa don ku ƙwace?"

Ya ɗago, ya ɗan daɗe yana kallonta kafin ya tuna da amsa. "Gadajen shuka ashirin zan yi. Goma a ba su jiƙon, goma ruwa zalla. Ƙuri'a ce za ta raba su, kada son raina ya shiga. Sauran komai iri ɗaya."

Mahaifinta, dattijo Pulega, bai yarda da shi ba sam. "Mutumin da zai bar rabin gwazata da yunwa da gangan? 'Yan birni kafin su shuka sun riga sun rubuta sakamako."

Lameko mai shagon takin zamani, wanda ya shekara biyu yana neman Leitu, shi ke ƙara zuga shi.

Ita ma Leitu da fari ido ta sa wa Uelese. Sai dai kullum tare suke auna ganye, yana faɗa tana rubutawa, har ta fara jin haushin ranar Lahadi da ba ya zuwa. Wata rana da hantsi saƙonsa ya shigo wayarta:

"Hasken idona, na auna ganye ɗari biyu yau, lissafi ya ƙi zama. Ke ce sanadi."

Ta mayar: "Malam mai turaku, ina hujjarka?"

Da ya nemi aurenta, Pulega ya ce, "In jiƙonka ya yi aiki, mu yi magana. In bai yi ba, ga hanyar jirgin ruwa can."

Tsoro ya kama Leitu. Ta san gadajen da ke shan jiƙon, ita ke rubutawa. Sai ta riƙa ɗebo kashin kaji tana binne musu a ɓoye.

Cikin wata guda goman nan suka yi shar, suka kere sauran nesa. Ta zaci Uelese zai yi murna, sai ta ga ya tsuke fuska yana tona ƙasa, har ya zaro gashin kaza.

"Kyan nan ya yi yawa, Leitu. Wani ya sa hannu. Lameko ne, so yake a ce na yi maguɗi. Gobe zan kai shi gaban dattawan gari."

Ta yini ba ta ci komai ba. Ba ta son Lameko, amma in dattawa suka kama shi da laifin, sai an kunyata danginsa kaf. Da yamma ta rubuta wa Uelese:

"Kada ka kai kowa ƙara. Ni ce. Tsoron rasa ka ne ya sa."



Washegari sai ga Uelese gaban Pulega, ya zauna a tabarma ya sunkuyar da kai. "Baba, gwajin ya lalace. An sa wa goman nan taki. Girman da kake gani ba zan iya cewa na jiƙona ba ne."

"Wa ya sa?"

"Ni ce, Baba," in ji Leitu daga bakin ƙofa.

Pulega ya dube ta, ya dubi saurayin. "Da ka yi shiru, da yau na ba ka ita."

"Na sani, Baba. Da kuma manoma sun bi maganata sun yi asara."

Dattijon ya shafa haɓa. "To, sake gwajin. Ko ya yi ko bai yi ba, na ba ka ita. Ke kuma an raba ki da kaji."

A bayan gida Leitu ta ce wa Uelese, "Ka yi fushi?"

"Sosai. Wata huɗu kika ɓata min." Ya kauda kai yana ɓoye murmushi. "Amma ba wanda ya taɓa ɗaukar kashin kaji saboda ni."

Bayan wata takwas aka tone sabuwar gwaza. Jiƙon ya taimaka, amma kaɗan, haka kuma Uelese ya rubuta. A satin aka ɗaura auren a cocin gari, aka ci gasasshen kifi da gwaza a madarar kwakwa, har Lameko ya taka rawa.

Pulega ya dafa kawunansu, idonsa ya ciko. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka."

Jama'a suka amsa da amin.