Gonar da Garma Ba Ta Taɓa Ba

"Wuta! Gonar Borey ta kama da wuta!"

Chantrea ta yar da kwandon rogonta ta zura da gudu, ko takalmi babu.

A bakin gona ta tarar da masoyin nata tsaye, hayaƙi na dukan fuskarsa. Shekara huɗu Borey bai sa garma a gonar nan ba. Karan masara da ganyen wake yake bari shimfiɗe su ruɓe, yana cewa abin da ganye ya zuƙo daga iska ƙasa ce ke adana shi, in an ƙona sai ya koma sama.

"Yaya Borey... ka yi magana mana!"

"In ce me, rabin raina? Da idona na ga Sokun da galan ɗin fetur."

Sokun mai tarakta ne, shi ke yi wa ƙauyen huɗa, ya daɗe yana zarya gidansu Chantrea neman aurenta tana korarsa.

Da ta kai ƙara wajen mahaifinta, dariya ya yi.

"Ai taimakonsa aka yi, an share masa bola! Ragon da ko gonarsa ba ya gyarawa zan ba 'yata?"

"Baba, ka taɓa damƙar ƙasarsa kuwa?"

"Rufe min baki!"

Sati bai zagayo ba Borey ya tsallaka Thailand aikin gini.

Damina ta sauko da ƙarfi. Ruwa ya kwashe jar ƙasar gonar Baba ya zuba a rafi, saiwar rogo duk a waje. Gonar Borey kuwa, duk da ƙunar, shanye ruwan ta yi. Baba ya je can ya durƙusa ya tona da hannu. Baƙa wuluk, da laushi, tsutsa na motsi ciki.

Ya daɗe a durƙushe.

"Kira min yaron nan."

Ta ɗauko wayarta ta kira Borey.

"Yaya, Baba ya yarda! Ka dawo!"

"Ƙanwata... kun makara. Na sayar da gonar."

"Wa ka sayar wa?"

"Mutum ɗaya ne ya taya. Sokun."

"To ka dawo hakan nan! Kai nake so, ba gona ba!"

"In dawo ina kallo yana kekketa ta? Ba zan iya ba. Kar ki jira ni, Chantrea."

Washegari tarakta ta shiga gonar. Chantrea na tsaye a gefe tana hawaye, baƙar ƙasa na kifewa cikin rana.

Baba ya riƙo hannunta.

"Mu je gida, 'yata."

Ba ta motsa ba sai da aka kammala huɗar kunyar ƙarshe.