Gobara Mai Launi Uku

Da safe rahoto ya iso teburin Sufeto: siton Tsoho mai haɗa wasan wuta ya ƙone jiya da almuru. Ba a rasa rai ba, amma wani tela maƙwabcinsa yana asibiti. Kofur har ya kulle Dogo, surukin Tsoho, don kowa ya san shi da sigari.

Sufeto ya zagaya tokar a natse. Kwaɗon ƙofar a buɗe yake, ba a fasa shi ba. An nome ciyawar kewaye tas, ga bokitan yashi a jere.

A asibiti ya tambayi tela, "Me ya kai ka wurin?"

"Kashe wuta, ranka ya daɗe."

Matarsa ta ja tsaki. "Wace wuta? Baki ya saki yana kallo har garwashi ya sauka masa a kafaɗa!"

Tela ya yi murmushin kunya. "Yallaɓai, ba ka gani ba ne. Koriya ta fara, ta koma ja, sannan ta zubo kamar ruwan zinare. Bi da bi."

Sufeto ya gyaɗa kai. Wutar guntun sigari ba ta bin layi.

Ya sami Tsoho zaune a ƙofar ɗakinsa. Ya miƙa masa hannu, Tsoho ya cafki iska kafin ya dace.

"Ina kake lokacin gobarar, Baba?"

"Barci nake."

"Barcin ne ya babbake maka gira?"

Tsoho ya shafa girarsa.

"To, gobe Dogo zai gurfana a kotu."

Tsoho ya sauke numfashi. "Ku saki bawan Allahn nan, ko albarushi bai taɓa taɓawa ba. Ni ne. Likita ya ce idona ya kusa rufewa. Shekaru na kwashe ina neman haɗa koren launin nan, ban taɓa ganinsa a sama ba. Na share wuri, na jira iska ta juya wa gidaje baya, na auna komai." Ya sunkuyar da kai. "Tela ne ban auna ba. Yaya jikinsa?"

"Zai warke. Amma da yaro ne a wurin fa?"

"Tambayar da na kwana da ita ke nan."

Sufeto ya dubi idanun Tsoho. Can ya ce, "Ka gan shi, koren?"

"Na gan shi, ɗana."

Kofur, da ke tsaye a bayan Sufeto, ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun Tsoho da kansa.

"A hankali, Baba. Akwai kwata a gabanka."