Jan Ƙasar Kwarin Tsada

An ɗauke wuta, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yaya Haulatu ta jira har ƙannenta suka yi tsit, sannan ta rage murya.

"Wannan ba tatsuniya ba ce. Kawu Sadisu ne ya faɗa wa mahaifiyata da bakinsa."

Kawu Sadisu ba ya zana mutum, ba ya zana dabba. Launi ne kawai a kan launi, wani ya hau wani, wani ya ratsa wani. Yakan ce in ka tsaya ka duba, fadamar garinsu ce bayan ruwan farko. Ba ya ɗaukar buroshi sai ya kunna kiɗan kukuma. Inda izgar mai kukumar ta ja, nan hannunsa ke bi. Fenti ma ba ya saye. Baban rini, makuba, gawayi, farar ƙasa, shi ke niƙawa da kansa ya haɗa da ƙaro.

Wata shekara aka ba shi wuri a Kaduna zai baje zane goma sha biyu. Ya gama sha ɗaya. Na ƙarshe, mafi girma, ya ƙi ƙarewa. Jan da kakarsa ke shafe bangon ɗakinta da shi yake nema. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, duk matattu. Saura kwana tara. Sai ya hau mota ya nufi garinsu, Kwarin Tsada.

Gwaggo Barira, ƙanwar mahaifinsa, ta ce ramin da kakarsa ke ɗebo jan ƙasar yana nan bayan dutse, amma mata sun daina haƙa.

"Bari la'asar ta yi, in haɗa ka da wani."

"Gwaggo, motar azahar zan bi."

"Ba a zuwa can da rana tsaka, Sadisu."

"Yanzu zan dawo."

Ta dube shi, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Hanyar shiru. Ko kurciya ba ta kuka. Da ya zagaya dutsen sai ya ji kukuma. Kiɗa ne da bai taɓa ji ba, mai sanyi, mai jan rai. Ya ga hannunsa na dama yana lilo a iska shi kaɗai, kamar yana zane.

A bakin ramin wani tsoho ne zaune, kukuma a gwiwarsa. Izgar tana kaiwa tana komowa, amma ba ta taɓa tsirkiyar.

Sadisu ya yi sallama. Leɓen tsohon ya motsa, ya rufe. Sai bayan nan amsar ta fito, daga cikin ramin.

"Jikan Inna Kulu."

"Ni ne, Baba."

"Ja kake nema."

Tsohon ya turo wani ƙoƙo da ƙafa. Nan Sadisu ya ga ƙafar. Rani ne, ƙasa ta tsattsage, amma ita a jiƙe take, a kumbure, fatar ta yi fari tana ɓarewa kamar abin da ya kwana bakwai a rijiya. Ƙudaje na shiga tsakanin yatsun suna fita. Bai kore su ba. Wari ya taso, Sadisu ya riƙe numfashi.

Sai ya leƙa ƙoƙon. Jan ne. Shi ɗin dai, na bangon kakarsa.

Mutanen Kwarin Tsada da harshe suke gwada jan ƙasa. In ta gaske ce, sai ta kama harshe ta manne. Tun yana ƙarami haka ya ga ana yi. Bai yi tunani ba, ya tsoma yatsa. Abin da ɗumi. Ya kai baki.

Ba ƙasa ba ce. Gishiri-gishiri, ga ƙarni, kamar naman da ya kwana uku a rufe. Wani abu ya motsa a kan harshensa.

"Haɗiye." Yanzu muryar a bayan kunnensa take. "Haɗiye, hannunka ba zai ƙara rasa launi ba."

Kawu bai ɓoye ba, ya ce ya tsaya. Ya tuna ƙyallen zanen ƙarshe da ke jiransa a jingine a Kaduna. Maƙogwaronsa har ya fara motsi. Sai idonsa ya koma kan ƙoƙon. Jan yana tasowa yana sauka kamar cikin mai barci, 'yan fararen tsutsotsi na ninƙaya a ciki.

Ya tofar. Amai ya biyo.

Kiɗan ya tsaya.

Bai ɗaga ido ba. Ya yi ta ja da baya yana a'uziyya, har kafaɗarsa ta bugi dutsen. Sannan ya zura da gudu.

Gwaggo Barira ta ga yatsan, ba ta tambayi inda ya samo ba. Ta kawo toka da ruwan gishiri.

"Ka haɗiye?"

"A'a."

"Ko yawu?"

"Ko yawu."

"Kurkure. Kar ka taɓa min ƙwarya."

Bakin ya wanku, yatsan ya ƙi. Da ya isa Kaduna har yanzu jan na nan, ɗanye. Ya tsaya gaban ƙyallen. Sau ɗaya ya ja yatsan a kai, daga sama zuwa ƙasa. Yatsan ya fito fes. Ya ce bai taɓa yin abin da ya kai wannan layin kyau ba.

Da safe ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin. Kwana na biyu jan ya cinye shuɗin da farin da ke zanen. Na uku yana ɗiga a ƙasa, maƙwabta na tambaya ko ɓera ne ya mutu a silin. Ya naɗe hannu da leda, ya ja ƙyallen zuwa bayan gidan ya cinna masa wuta. Ƙyallen ya yi ta ƙauri kamar ana babbakar akuya.

Zane sha ɗaya ya baje. Daga ranar bai ƙara sa ja a aikinsa ba. Nama ma bai ƙara ci ba.

Yaya Haulatu ta gyara ɗankwali.

"In an kai ku Kwarin Tsada hutu, ba ruwanku da bayan dutse. In dole ne, ku tafi ku biyu, bayan la'asar. In kun ji kiɗa, ku rufe bakinku ku juyo."