Masu Tsamiyar Gidanmu

Iskar ruwan farko ce ta kayar da tsamiyar ƙofar gidanmu a Kwatarkwashi, ta rushe katanga har da rufin ɗakina. Na ɗauko gatari, Baba ya ce in ajiye.

"Ba a saran tsamiya sai an sallami masu ita. Bari yayanka Haidar ya zo daga Gusau, shi ya iya magana."

Kullum Haidar. Shi ne mai takarda, shi ne mai albashi, yanzu har itacen da ya danne ɗakina sai an jira shi. Da aka tafi sallar magariba na koma da gatarina, don ya iso ya tarar na gama.

Sara uku na yi, na ji ƙanshin turare. Wata tsohuwa ce zaune a kan gindin itacen, tana ɗaure ƙunshin kaya.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Kai ne Haidar?"

Ita ma shi take nema. Raina ya ɓaci.

"Ni ne, Inna."

"Madalla. Mun ji an ce kai za ka sallame mu. Masauki muke so."

Bakinta bai motsa ba, muryar daga ramin saiwoyin take fitowa. Ta sauko cikin laka, ba ta bar sawu ba.

"Inna, sunana Halliru," na ce.

"Ai ka riga ka amsa." Ta leƙa ramin. "Yara, ku fito, ga gidan ya zo."

Sai na ji nauyin na farko ya sauka a kafaɗata.